Wata nawa birkin mashin yake yi kafin ya ƙare? Ga yadda zaka gane da kanka

Babu ranar da zata fito ta faɗi ba'a yi mini wannan tambayar a gareji ba, mutum zai faka mashin ya sauko yana danna birkin baya da ƙafa yana cewa oga wai birkin nan wata nawa yake yi ne, ni fa kafin azumi na saka sabo gashi har ya fara kuka. Toh amsata kullum ɗaya ce, birki bai san wata ba bai san kalanda ba, abinda ya sani shine sau nawa aka taka shi, da wane nauyi, a wane gudu, kuma a kan wace irin hanya. Mutum biyu zasu sayi Boxer rana ɗaya a shago ɗaya, ɗaya malamin makaranta ne daga gida sai makaranta sai masallaci, a rana bai fi yayi kilomita 10 ba, ɗayan kuma ɗan acaba ne tun asuba yana kan hanya har bayan isha'i, ranar kasuwar ƙauye ma buhun masara biyu yake ɗaurawa a baya ga mai kayan zaune a sama. In ɗan acaban nan yana cin kilomita 100 a rana, a wata ɗaya yayi 3,000 kenan, tafiyar da malamin sai yayi wata goma kafin yayi ta. Kaga kuwa ba yadda za'ayi birkinsu ya ƙare tare.

Amma nasan mutane suna son suji lamba, toh ga abinda idona ya gani a hannun masu kawo mini gyara. Ɗan acaba mai aiki cikin gari kullum, birkinsa na baya yakan yi wata biyu zuwa huɗu, in ɗan araha ne ma wani ko wata biyun baya kaiwa. Mai hawa shi kaɗai zuwa wajen aiki, nasa yakan haura shekara lafiya lau. Fad ɗin gaba, wato abinda yake matse faifan birki a mashin mai disk, in mai kyau ne kuma mai mashin ɗin yana da hankali a hanya, yakan wuce kilomita 10,000, wani ya kusa ninka hakan. Wannan duk kintace ne na abinda na saba gani, kar ka riƙe shi kamar karatu, abinda zaka riƙe shine kaurin naman birkin, wato wannan abin mai launin toka ko ƙasa-ƙasa da aka manna a jikin ƙarfe, shine yake gogar hob, wato gangar ƙarfen da take tsakiyar taya, ko disk yana cinyewa a hankali, kuma shi ake aunawa.

Birkin mashinanmu kala biyu ne. Akwai na cikin hob wanda muke cewa shu, ƙarfe ne guda biyu masu lanƙwasa kamar jinjirin wata da sifirin biyu ya haɗe su, in ka taka sai wani ɗan ƙarfe a tsakaninsu ya juya ya buɗa su su matse jikin hob daga ciki, wannan shine a yawancin Boxer da Jincheng da roba-roba gaba da baya. Sai kuma mai disk, wanda zakaga faifan ƙarfe a jikin tayar gaba, shi fad yake amfani dashi guda biyu suna matse faifan daga gefe da gefe, kuma da man birki yake aiki ba da kebur ba. Da yawa daga cikin Haojue da sauran sababbin shigowa gaba disk ne baya shu, don haka mai irinsu dole ya san duka biyun.

Mu fara da mai disk tunda shi yafi sauƙin dubawa, ba sai ka kwance komai ba. Ka tsayar da mashin a inda yake da haske, ka durƙusa gaban taya ka kunna tocilan ɗin wayarka ka haska cikin gidan fad ɗin daga gaba ko daga ƙasa, daidai inda faifan ya shige. Zakaga faifan a tsakiya, gefe da gefensa naman fad, bayan naman kuma ƙarfen da yake ɗauke dashi. Naman kaɗai zaka kalla banda ƙarfen, don nan ne mutane suke ruɗewa su haɗa kaurin duka biyun suce ai da saura. Sabon fad na ƙananan mashina namansa yakan kai milimita 4 zuwa 5, in ya dawo milimita 2 ka fara shirin kuɗi, in ya kai 1.5 toh kar ka ƙara sati. In baka da abin awo, tsinken ashana kaurinsa wajen milimita 2 ne, katin ATM kuma milimita 0.76 ne, in ka haɗa biyu kusan ɗaya da rabi kenan, toh ka riƙe wannan a ranka kana kallon naman. Yawancin fad kuma suna da wani ɗan tsagi a tsakiyar naman, ba ado bane, alama ce, duk ranar da tsagin nan ya shafe fad ya gama aiki. Sannan ka duba duka biyun na ciki da na waje, in kaga ɗaya ya cinye sosai ɗaya da sauransa toh ƙarafan da gidan fad ɗin yake zamewa a kansu sun cije saboda tsatsa da ƙura, sai an zare su an wanke an shafa musu giris ɗin da baya ɓata roba, in ba haka ba ko ka saka sabo haka zai ci gefe ɗaya.

Shi ma faifan yana cinyewa fa, ba fad kaɗai ba. In ka duba jikinsa da kyau zakaga an buga MIN TH da lamba a gefe, wani 3 wani 3.5, ma'ana in kaurinsa ya gaza haka shima canji yake so. Ka shafa shi da farce lokacin da ya huce, in kaji zane-zane masu zurfi ko bakinsa yayi tudu kamar bakin faranti toh ya ci sosai, kuma irin wannan faifan cin sabon fad yake kamar wuta.

Na cikin hob shine mai ɓoye ciwonsa, baka ganinsa daga waje. Amma akwai alamu biyu. Na farko, a wasu mashinan musamman masu zubin Honda, akwai ɗan kibiya a jikin hannun da rodin birki yake ja, da kuma wata alama a jikin murfin hob, in ka taka birki har ƙarshe kibiyar ta zo saitin alamar toh shu ya ƙare. Na biyu shine notin da yake ƙarshen rodi, wanda ake ɗaurewa in birki yayi nisa. Duk sanda ka ɗaure shi cike gurbin naman da ya cinye kake yi, don haka in kaga ka ɗaure ka ɗaure har zaren rodin ya kusa ƙarewa, rodin ya fito zoƙoƙo ta baya, ba sai an gaya maka ba. Amma maganar gaskiya sai an buɗe. Ka ɗora mashin a dabul stan, ka kwance notin rodi, ka cire ƙarfen da yake riƙe murfin hob kar ya juya, ka kwance babban notin taya ka zare dogon ƙarfen da ya ratsa ta, tayar ta fito, sai ka zaro murfin, shu ɗin suna manne a jikinsa. Ka kula da yadda ka samu ƙananan ƙarafan da suke gefe da gefen taya, ka ɗauki hoto da waya kafin ka cire in baka saba ba. Sabon shu namansa wajen milimita 4 ne, ana canza shi in ya dawo 2, kuma wajen da yafi sirancewa zaka auna don baya cinyewa daidai, gefen da ƙarfen yake buɗawa yakan riga ƙarewa.

Yanzu ga yadda zaka san naka lissafin, wanda yafi duk wata lamba da wani zai baka. Ranar da ka saka sabo ka rubuta kwanan wata da lambar da mita take nunawa a wayarka. Bayan an ɗan kwana biyu, misali kayi kilomita 3,000, ka sa a buɗe a auna. A ce ya fara da milimita 4 yanzu ya koma 3.5, rabin milimita kenan ya tafi a kilomita 3,000, kuma milimita 2 gareka na ci gaba ɗaya kafin ya kai iyaka, toh zai kai ka wajen kilomita 12,000. In kuma ka tarar milimita guda cur ta tafi, 6,000 ne rabonka, ɗan acaba wata biyu kenan. Nasan da yawan mashinan haya mitarsu ta daɗe da mutuwa, keburin ya tsinke ba wanda ya waiwaye shi, toh sai kayi lissafi da juyen baƙin mai, ka ƙirga juye nawa kayi tsakanin wannan shu da wancan, in juye takwas yayi maka a na bakwai sai ka sa a buɗe. Ni shawarata ma duk juye ka haska fad, duk juye uku ko huɗu a buɗe hob a kakkaɓe, aikin minti goma sha biyar ne.

Sai abubuwan da suke cinye birki da wuri, kuma nan ne nafi so a tsaya a saurare ni don yawanci laifin ba na shu bane. Babba a ciki shine ɗora ƙafa a kan birki ana tafiya. Ka tsaya bakin titi da yamma ka kalli mashina goma, zakaga wasu wutar birkinsu a kunne take alhali suna murza totur, mai mashin bai ma sani ba, tafin ƙafarsa ne kawai ya kwanta a kan fedal, shu yana gogar hob a hankali tun safe har dare, ga zafi ga cin mai ga cin birki. In ka sauka daga tafiya wadda baka taka birki sosai ba ka kai hannu kusa da hob kaji zafi na tashi, toh ko ƙafarka ce ko an ɗaure noti ya wuce ƙa'ida. Ya kamata fedal ya samu ɗan wasa na santimita 2 zuwa 3 kafin ya fara kamawa, hannun birkin gaba mai kebur kuma santimita 1 zuwa 2, wannan shine a yawancin ƙananan mashina. Bayan ka saita ka ɗaga tayar ka juya ta da hannu, ta juya sakayau ba tare da kaji tana goga ba. Kuma duk sanda aka ja cen, tayar baya ta matsa baya kenan, rodin birki zai ƙara ɗaurewa da kansa, dole a sake saita notin, yara a gareji suna yawan manta wannan, kai ka tuna musu.

Na biyu, barin birkin gaba. Wallahi wannan abin yana damuna matuƙa, akwai mashinan da ake kawo mini an canza shu na baya sau biyar na gaba tun na kamfani ne, wani ma keburin ya cije don ba'a taɓa shi, wani an cire shi gaba ɗaya wai yana kada mutum. Alhali in ka taka birki nauyin mashin da naka duk gaba yake komawa, tayar gaba ce take danne ƙasa, ita take ɗaukar wajen kashi 70 cikin 100 na aikin tsayawa, ta baya kuwa sauƙi take yi shiyasa in ka take ta da ƙarfi sai kaji tana jan ƙasa mashin yana wutsil-wutsil bai tsaya ba. Abinda yake kada mutum ba birkin gaba bane, fizgarsa ne lokaci ɗaya, ko kama shi a cikin kwana ko cikin yashi kan mashin a karkace. Ka koyi matsa shi a hankali kamar kana matse lemon tsami, ka fara da kaɗan nauyi ya sauka a gaba sannan ka ƙara, tare da na baya. Ka samu fili ko titin da ba mutane ka gwada a ƙaramin gudu sau da yawa har hannunka ya saba. In kana raba aikin tsakaninsu na baya zai daɗe maka, kuma ranar da yaro zai faɗo maka titi da gudu zaka tsaya a inda mai birkin baya kaɗai bazai iya ba. A yashi mai zurfi da taɓo da tsakuwa kam na baya zaka fi dogara dashi, na gaba ɗan taɓawa kawai.

Na uku gudu da kaya. Shi birki gudu yake mayarwa zafi, kuma lissafin ba ɗaya bisa ɗaya bane, in ka ninka gudu sau biyu zafin da birki zai sha ninki huɗu ne, tsayawa ɗaya daga 80 daidai take da tsayawa huɗu daga 40. Toh mai murza wuta daga wannan danja zuwa waccan ya zo ya take birki a gindin mota, shi da mai sakin totur tun daga nesa ya rage giya ya iso a hankali, lokaci ɗaya zasu tashi in an basu hannu amma ɗaya yana biyan kuɗin shu ninki. Kaya kuma in ka ninka nauyi ka ninka aikin birki, mai goyon mutum biyu da buhu kar yayi mamaki.

Sai gangare. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 fetur yayi tsada naga wata ɗabi'a ta yawaita, mutum in ya zo gangare sai ya sa firi ko ya kashe inji gaba ɗaya ya sulala wai yana tattalin mai, ya bar birki shi kaɗai yana riƙe da shi. A ɗan gangaren unguwa shu kawai zaka ci, amma a doguwar gangara irin Hawan Kibo ko saukowa daga Mambila abin ya wuce maganar kuɗi, hob yana ɗaukar zafi ya buɗe, naman shu ya ƙone ya daina kamawa, mai disk kuma man birkin yana iya tafasa ka matsa hannu ya tafi fayau har jikin kan mashin ba komai. Ka bar shi a giya ta biyu ko ta uku inji ya riƙe maka, birki ka dinga kamawa kana saki yana shan iska, in kaji ƙauri ka tsaya gefe ya huce, kuma kar ka watsa wa faifai mai zafi ruwa don yana iya lanƙwashewa.

Ƙura da laka kuwa namu ne ba yadda zamuyi dasu. Da hunturu ƙura mai laushi tana shiga hob ta haɗu da garin shu ta zama kamar sanfefa, da damina kuma ruwan taɓo ya shiga da yashi, masu bin hanyoyin ƙauye da ratsa rafi sun san zancen. In ka fito daga ruwa ka ɗan riƙe birki kaɗan-kaɗan kana tafiya a hankali har ya bushe kafin ka ƙara wuta, don jiƙaƙƙen shu baya kamawa da farko sannan in ya fara bushewa sai ya cafke lokaci ɗaya. In damina ta wuce ka sa a buɗe duka biyun a wanke.

Akwai kuma shu ko fad da bai cinye ba amma ya mutu. In mai ya taɓa shi, ko daga shokozoba mai yoyo da yake gangarowa kan faifai, ko giris ɗin boris da aka cika, ko baƙin mai da ake tsiyaya wa cen ya fantsama, naman yana tsotse shi kamar soso, ko ka wanke da fetur ko ka ƙona da wuta in yayi zafi man zai sake tsattsafowa. Canji kawai, kuma a fara gyara inda yake yoyon. Wani kuma zakaga fuskarsa tayi sheƙi kamar gilashi saboda zafi, yana ƙara amma baya kamawa, shi in da sauran kauri ana goga masa sanfefa kaɗan a kashe sheƙin a goge cikin hob ɗin shima ya dawo aiki.

Alamun da in ka ji su ba maganar gobe: ƙarar ƙarfe da ƙarfe ƙiiii ko gurrr duk sanda ka taka, wannan nama ya ƙare kana cin hob ko faifai ne, abin da zaka kashe kuɗi kaɗan ya koma na sayen hob da ɗaurin sifok. Ko ka taka fedal ya ƙi dawowa sai ka ɗago shi da ƙafa. Ko birki ya dinga cafkewa yana saki. Ko kaji wani abu na ƙwal-ƙwal a cikin hob, wannan sau da yawa naman ne ya ɓanɓare daga jikin ƙarfe, kuma in ya shiga tsakani yana iya kulle taya kana cikin gudu. Na taɓa karɓar wani mashin da hakan ta faru dashi da goyon mace da jariri, Allah ya tsare ba'a cikin gudu suke ba sai ƙujewa, da na buɗe naga naman ya rabu gida biyu, shu ɗin ko sati uku bai yi ba, ɗan araha ne.

Shiyasa zan roƙi 'yan uwana kanikawa da masu mashin a daina dabarar nan ta cire hannun da rodin birki yake ja a jikin hob a matsar dashi haƙori ɗaya ko biyu in noti ya ƙare, ko a yanko gwangwani a naɗa a bakin shu don ya ƙara tudu. Eh birki zai dawo sama kamar sabo, amma ɗan ƙarfen da yake buɗa shu ɗin yanzu sai ya juya sosai kafin ya kama, wata rana zai juya ya tsaya a tsaye tsakaninsu ya ƙi komawa, taya ta kulle. In shu ya ƙare ya ƙare.

Wajen saye, araha bata ado. Kasuwa cike take da kala-kala, kwali iri ɗaya suna iri ɗaya amma na ciki daban, don haka ka tafi da tsohon naka ka gwada su gefe da gefe tsawo da faɗi da wajen zaman sifirin. Ka duba bakin naman ko'ina ya manne da ƙarfen ba rata, ka kankara da farce, in yana zubar da gari kamar busasshiyar ƙasa ka ajiye musu, ka duba sifirin ɗin da ya zo dashi yana da ƙarfi. Ka samu mai shago ɗaya da ka yarda dashi ka dinga ce masa orijina nake so ko da ƙari, in mai kuɗi kaɗan yana yi maka wata ɗaya mai tsada yana wata uku, ka haɗa da kuɗin aiki sau uku da wunin da zaka rasa a gareji kaga wanne ne mai tsadar. Su fad kuma kala uku ne, akwai mai laushi wanda baya ƙara baya cin faifai amma shi yana saurin ƙarewa, akwai mai haɗin ƙarfe tsaka-tsaki, akwai kuma mai garin ƙarfe zalla mai launin jan ƙarfe da yafi daɗewa yafi jure ruwa da zafi amma yana cin faifai, ga ƙananan mashinanmu na tsakiyar ya wadatar.

Wajen sakawa kuma biyu ake canzawa tare, ba'a canza ɗaya a bar ɗaya. Garin da zaka tarar a cikin hob dan Allah kar ka hura shi da baki kar kuma a busa shi da iskar faci, wasu shu ɗin har yanzu ana haɗa su da wani ma'adini mai suna asbesto, kuma ƙurarsa in ta shiga huhu bata fita, sai bayan shekaru ciwon yake bayyana, mu da muke shaƙarta kullum mu muka fi shiga haɗari, tsumma mai danshi zaka sa ka goge. Ka zare ɗan ƙarfen da yake buɗa shu ka wanke ka shafa masa giris ɗan kaɗan, kaɗan fa, wanda bazai narke ya gangaro kan nama ba, hannunka in da maiƙo kar ya taɓa fuskar shu. Kar a wanke da kananzir ko gas don suna barin maiƙo. In an mayar da taya, kafin a ɗaure babban noti a take birki a riƙe sannan a ɗaure, hakan yana sa shu ya zauna a tsakiyar hob daidai, sannan a tabbatar an mayar da ƙarfen da yake riƙe murfin da notinsa da fil ɗinsa. Mai disk kuma bayan an tura fistin, wato ƙarfen da yake danna fad, baya an saka sabon fad, hannun birkin zai zama fanko, sai ka matsa shi sau da yawa har yayi tauri kafin ka hau, mutane sun sha fita daga gareji su daki bango saboda wannan.

Tunda an zo kan mai disk, ka leƙa ɗan gilashin da yake jikin tankin man birki a kan mashin. Man yana sauka a hankali yayin da fad yake cinyewa, don haka in kaga ya yi ƙasa fad zaka fara dubawa kafin ka ƙara mai. Abinda aka rubuta a murfin shi zaka zuba, DOT 3 ko DOT 4, kar a kuskura a zuba baƙin mai ko man giya don yana kumbura robobin ciki birki ya mutu. Shi man birki yana shan danshin iska, sabon DOT 4 sai zafi ya kai digiri 230 yake tafasa amma in ya sha ruwa yana iya saukowa wajen 155, shiyasa ake juye shi duk shekara biyu, ko in kaga ya koma baƙi kamar shayi. In ya ɗiga a fenti ka wanke da ruwa nan take don yana cin fenti.

Sabon birki baya kamawa sosai a ranar farko, sai ya zauna da jikin hob ko faifai tukunna. Ka samu hanya mara cunkoso ka tashi zuwa 40 ka rage zuwa kusan tsayawa a hankali, ka sake, kamar sau goma zuwa ashirin kana bari yana hucewa a tsakani, sannan kwana biyu ukun farko ka guji take shi da ƙarfi ko lodi mai nauyi in dai ba dole ba, in ka ƙona shi tun yana sabo sheƙi zai yi kuma haka zai ƙare rayuwarsa yana ƙara. Bayan kamar sati ɗaya zakaji fedal ya ɗan ƙara nisa, wannan ba matsala bace zama yayi, ka ƙara noti zagaye ɗaya ko biyu ka juya taya ka tabbatar bata goga, sannan ka sa wani ya tsaya a bayanka ya gaya maka ko wutar birki tana kamawa daidai lokacin da ka taka, in tana makara ko ta zauna a kunne akwai ɗan makunni mai sifirin kusa da fedal, da hannu ma ake juya notinsa a saita.